Sanin Ciwo Kafin Karɓar Shawara

Da Malamin Hausa ya ce duk mai sha'awa ya kawo abin da za a buga a mujallar makaranta ta bana, na daɗe ina tunanin abin da zan rubuta, domin ni ba gwanar tatsuniya ba ce, ba ni kuma da baiwar waƙa. Daga baya sai na ga gara in rubuta abin da na gani da idona a gidanmu, watau yadda masu fama da ciwo iri ɗaya suke haɗuwa suna ba juna shawara, da kuma dalilin da ya sa wani yake cin riba a wannan haɗuwa, wani kuwa ya yi hasara, alhali magana ɗaya ce ta shiga kunnuwansu.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, shekararsa 7. Yana da ciwon nan da ake kira sikila, wanda wasu suke ce wa amosanin jini. Tun yana ɗan wata 8 hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya riƙa tsala kuka ba dare ba rana. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce baki ne, wasu kuma suka ce ɗan wabi ne, domin kafin shi Umma ta haifi wani yaro wanda ya rasu yana da shekara 2, bayan zazzaɓin kwana biyu kacal. Sai da aka kai Auta asibiti aka auna jininsa, sa'an nan aka san abin da ke damunsa.

Ya kamata in ɗan yi bayanin ciwon, gwargwadon abin da na koya a aji da wanda na tsinta a bakin ma'aikatan asibiti. A cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi, su ne masu ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu su rarraba ta ko'ina a jiki. A jikin mai lafiya ƙwayoyin nan kewayayyu ne masu laushi, suna lanƙwasawa su wuce ta jijiyar da ta fi silin gashi sirantaka, kuma kowace takan yi kamar kwana 120 tana aiki. A jikin mai sikila kuwa, in iska ta yi ƙaranci, ko ruwan jiki ya ragu, ko sanyi ko zazzaɓi ya kama shi, sai ƙwayoyin su ƙage su lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje da Turanci ma aka samo kalmar sikila. In sun ƙage sai su maƙale a ƙananan jijiyoyi su tare wa jini hanya, wannan shi ke kawo azabar ciwon ƙashi. Bugu da ƙari ba su wuce kwana 10 zuwa 20 sun farfashe, shi ya sa kullum mai sikila jininsa bai cika ba.

Ciwon na gado ne, ba a ɗaukarsa a wurin cin abinci ko kwanciya. Kowane mutum yana gadon ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji masu lafiya biyu shi ne AA, wanda ya gaji ɗaya mai lafiya ɗaya ta sikila shi ne AS, yana ɗauke da iri amma ba ya kwanciya, wanda kuwa ya gaji na sikila biyu shi ne SS. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, Jems Herik, shi ya fara bayyana ƙwayoyin nan masu kama da lauje a rubuce cikin 1910. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na mutanen Nijeriya suna ɗauke da irin, kuma ana haifar yara kamar 150,000 da ciwon kowace shekara a ƙasar nan. Saboda haka in na ce a ajinmu akwai masu ɗauke da irin da dama, ban yi ƙarya ba. Ni ma ina cikinsu.

To, a asibitin da ake duba Auta akwai ranar da aka keɓe wa masu sikila. Tun da sanyin safiya iyaye mata suke cika bencina, kowace da katinta da gorar ruwa da yaronta a gefe. Kafin layi ya zo kan mace takan yi awa uku ko huɗu a zaune, ai kuwa ba a zama haka baki a rufe. Tun ana gaisuwa da “ya mai jiki”, har aka saba, aka san 'ya'yan juna. Daga baya suka karɓi lambobin juna, wata ta buɗe musu zaure a WhatsApp, hirar benci ta koma ta kullum. Yawancinsu da murya suke aika saƙo, domin ba kowa ce ta iya rubutu ba. In na je hutu, ni nake karanta wa Umma waɗanda aka rubuta. A nan makaranta dai kun sani, wadda aka kama da waya ta san sauran.

Ba zan ɓoye alherin wannan taro ba, don yana da yawa. Likita yana da ilmi, amma mutane sun yi masa yawa, da ƙyar yake ba kowa minti biyar. Su kuwa iyayen nan shekara da shekaru suka yi suna kwana da ciwon a ɗaki ɗaya. A wurinsu Umma ta koyi cewa da hunturu a bar wankan safe sai rana ta ɗaga, a yi shi da ruwan ɗumi. A wurinsu ta koyi yi wa gora alama da zare, don ta san ko yaro ya sha ruwan da ya kamata kafin azahar. Su suka gaya mata in ƙashi ya fara ciwo a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, kada a kuskura a sa ƙanƙara. In magani ya yanke a gari, kafin la'asar wata ta faɗi kantin da ta samu da nawa ta saya. In ana neman jini da gaggawa, a nan ake shela, mazajen wasu da ƙannensu su je su bayar.

Amma abin da ya fi duk wannan a wurin Umma shi ne haɗuwarta da wata dattijuwa da kowa yake kira Hajiya. Lokacin da aka gano ciwon Auta, maƙwabta sun cika wa Umma kunne da cewa irin waɗannan yara ba su kai shekara 20. Ta rame, ta daina barci. Ran nan a benci sai Hajiya ta nuna mata hoton ɗanta, mai sikila ne, ya haura shekara 30, yana aikinsa, har ya yi aure. Ta ce mata, “'Yar nan, share hawayenki. Reno ne mai wuya, amma ana yinsa.” Umma ta ce a daren nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Wannan magani babu kantin da ake sayar da shi.

To, amma fa zauren nan tamkar kasuwar hatsi yake. Akwai mai kyau, akwai mai ƙwari, akwai wanda aka zuba tsakuwa a ƙasan buhu, kuma duk masu tallar fuskarsu a sake take. Wanda ya san hatsi yakan cusa hannu har ƙasa kafin ya biya, wanda bai sani ba kuwa sai ya ɗauki wanda aka fi yi wa kirari. Abin da nake nufi da sanin ciwo ke nan: mutum ya gane kalmomin da ake faɗa masa, ya gane abin da lissafi yake nufi, ya iya auna magana ya ga ko ta dace da nasa majinyacin, ya kuma san inda shawarar 'yan'uwa ta ƙare, aikin likita ya fara.

Bari in fara da kalmomi. Wata rana wata mata ta aiko da murya cike da murna, ta ce an kawo kuɗin auren babbar 'yarta, kuma hankalinta a kwance yake, domin an auna jinin yaron an ce O ne, 'yarta ma O ce. Nan da nan aka yi ta yi mata barka. Umma ce ta ce, “Maman amarya, Allah ya sa alheri. Amma wane awo aka yi? Na rukunin jini ko na gado?” Ashe matar ba ta san awo biyu ne ba. Rukunin jini, watau A da B da AB da O, shi ake dubawa in za a yi wa mutum ƙarin jini. Na gado kuwa, wanda a asibiti suke kira jinotayif, shi ne AA da AS da SS, kuma shi ne ya shafi sikila. Mutum yana iya zama O kuma yana SS. Da yake harafin A ya fito a duka biyun, kuma duka ana ce musu “awon jini”, rikicewar ba ta da wuya. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar yin gwajin lafiya kafin aure, har da wannan na gado. Doka ce mai kyau, sai dai takardar sakamako ba ta amfanar wanda bai san abin da aka rubuta a cikinta ba. Matar dai ta mai da su asibiti aka sake awo.

Akwai kuma kalmar shawara, ba wadda ake bayarwa ba, wadda take sa ido ya yi rawaya. Sau da yawa idon mai sikila yakan yi ɗorawa-ɗorawa, dalili kuwa ƙwayoyin jininsa da suke farfashewa da wuri suna sakin wani launi wanda hanta ba ta iya kwashe shi duka. Wadda ba ta san haka ba, da ta ji an ce “shawara ce”, sai ta nemo jiƙon da ake ba mai shawara don ya wanke ciki. Yaro ya yi ta zawo, ruwan jikinsa ya ƙare, ƙwayoyin su ƙage, ciwon da ake gudu ya taso. Haka nan na ji wata ta ce ai masu sikila sauro ba ya yi musu kome. Ta ji rabin magana ne. Gaskiya ne wani masani mai suna Antoni Alison ya nuna a 1954, a Gabashin Afirka, cewa masu AS suna da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Amma mai SS wannan zazzaɓi yana cikin manyan abokan gabansa, gidan sauro a gare shi dole ne.

Kada a ce matan da ba su yi boko ba ne kaɗai suke faɗawa wannan rami. Kawuna, yayan Umma, yana da digiri, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji an ce Auta yana da ƙarancin jini, sai ga shi da kwalabe uku na maganin ƙara jini mai tsada, irin mai sinadarin ƙarfe. Umma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sa'an nan ta ce, “Yaya, bari in nuna wa Sista tukuna.” Ransa ya ɗan ɓaci. Da aka nuna wa malamar asibiti sai ta ce kada a ba shi. Ta ce ƙarancin jini iri-iri ne. Na mai ciki ko na wanda ba ya samun abinci mai kyau, sau da yawa rashin sinadarin ƙarfe ne. Na mai sikila kuwa farfashewar ƙwayoyi ne, ƙarfen yana nan a jikinsa bai tafi ko'ina ba, in kuma ana yawan yi masa ƙarin jini ƙarfen har taruwa yake yi ya ɓata hanta da zuciya. Ba a ba shi sai likita ya auna ya ga ya rasa. Abin da aka saba ba su kullum shi ne ɗan ƙaramin ƙwayar nan rawaya, folik asid.

Sai lissafi. An gaya wa iyayenmu cewa in AS ta auri AS, ɗaya cikin huɗu zai zo da SS. Umma da kanta ta gaya mini yadda ta fahimci wannan da farko, kuma na ji mata da yawa a zauren suna faɗin haka: wai in an haifi mai ciwo ɗaya, to, uku masu zuwa sun tsira. Ni ma haka na ɗauka, sai bara da Malaminmu na kimiyyar halittu ya zo aji da marafan kwalba, tun da kwabo ya ɓace daga hannun mutane. Ya ba kowane benci biyu, ya ce ɗaya uwa ce, ɗaya uba, cikin marfi shi ne S, bayansa A. Muka yi ta jefawa muna rubutawa. Wani benci suka sami SS sau uku a jere, wani suka jefa sau goma ba su samu ba. Da aka tara na aji duka a allo sai ya kusanci ɗaya cikin huɗu. Malam ya ce marfi ba ya tuna abin da ya faɗo ɗazu, haka kowane ciki sabon jifa ne. Ina zaune sai na tuna da yayan Auta da ya rasu. Ba a taɓa auna jininsa ba, amma Umma ta ce shi ma hannuwansa sun taɓa kumbura.

Wani lissafin da yake tayar da hankali a zauren shi ne na awon yawan jini, wanda kowa yake kira PCV. Na mai lafiya yakan kama daga wajen 35 zuwa 45, mai sikila kuwa sau da yawa yana zaune a ashirin da 'yan kai, yana wasansa. Sai wata ta ce na ɗanta 27, wadda na ɗanta yake 22 ta kwana kuka. Wadda ta sani kuwa ta san kowane yaro da inda nasa ya saba tsayawa, abin tsoro shi ne ya faɗo ƙasa da inda ya saba. Haka batun magani. Akwai wani da ake kira haidiroksiyuriya, yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri yake zuwa da shi, wanda ba ya ƙagewa, saboda haka yana rage yawan tashin ciwo. An yi bincike da shi a Kano da Kaduna don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. Magani ne mai amfani ƙwarai, amma da nauyin yaro ake auna shi, kuma dole a riƙa duba jini a kai a kai. Duk da haka na ji wata, don tausayi, tana cewa, “Na ɗana ya rage, aiko a karɓar wa naki, ɗaya ake sha kullum.” Ɗanta shekararsa 14, na waccan kuwa 3.

Masu neman kuɗi su ma ba a bar su a baya ba. Lokaci lokaci sai a turo muryar wani yana rantsuwa cewa yana da haɗin da yake mai da SS ya koma AA cikin wata uku, har da hoton takardar asibiti ta wani yaro wai an sake auna shi an ga ya zama AS. Wannan ya ruɗi mutane da yawa, har wata ta sayar da akuyoyinta. Hajiya ce ta warware abin. Ta ce ɗanta ma an taɓa auna shi aka ga AS, domin bai daɗe da karɓar ƙarin jini ba, jinin wanda ya ba shi ne ya fito a awon, bayan 'yan watanni ya koma yadda yake. Wanda ya san cewa a ɓargo ake yin jini, kuma tsarin ɓargon gado ne, ya san jiƙo ba ya sauya shi. Hanyar warkewa da aka tabbatar ita ce dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin cikin 2011, sai kuma sabuwar hanyar gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023, wadda kuɗinta ya haura dala miliyan 2. In da a kwalbar naira dubu goma abin yake, ai da duniya ta ji.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan batu, ko da yake ba na jin daɗin tuna shi. Da hutun damina, wata ranar bayan sallar isha'i, wata mata daga ƙauye ta aiko da murya. Ba ta cika magana a zauren ba, irin masu sauraro ce. Ta ce 'yarta mai shekara 4 jikinta ya yi zafi tun la'asar, ta ƙi abinci, ta yi laushi, me za ta yi? Amsoshi suka yi ta zuwa. Wata ta ce ta ba ta farasitamol ta goga mata ruwa. Wata ta ce zazzaɓin damina ne, nata ma sun yi sun warke. Wata ta ce a dafa ganyen darbejiya. Babu wadda ta faɗa da mugunta, kowace abin da ya taɓa yi mata amfani ta faɗa. Umma ta karɓe wayar daga hannuna ta ce, “'Yar'uwa, duba tafin hannunta da cikin idonta, in sun yi fari, ki taɓa cikinta ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ko ma mene ne kika gani, don Allah ki nemi babur yanzu, kada ki jira safiya.” Hajiya ma ta faɗi haka.

Dalilin Umma shi ne, saifa ita ce take tace ƙwayoyin cuta daga jini, a jikin mai sikila kuwa tun yana ƙarami take lalacewa. Saboda haka cutar da wani yaro zai kwana uku yana fama da ita, shi tana iya gamawa da shi cikin sa'o'i. Shi ya sa ake ba ƙananansu fenisilin kullum, shi ya sa kuma likitan Auta ya ce da zarar ma'auni ya nuna 38 a kawo shi, ko da tsakar dare ne. Wani lokaci kuma saifar takan kumbura farat ɗaya ta tsare jinin yaro a cikinta, ya yi fari fat. Matar nan ba ta san wannan ba. Abin da ta gani shi ne mutum takwas sun ce a jira, biyu sun ce a tafi, ga dare, ga ruwan sama, ga kuɗin babur. Ta bi masu yawa. Da asuba suka kama hanya, yarinyar ta cika kafin a sami jinin da za a ƙara mata. Allah ya jiƙanta, ya ba uwarta haƙuri. Na sani kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, kuma ba na ganin laifin uwar ko kaɗan. Amma na kwana ina tunanin cewa amsar gaskiya tana cikin wayarta tun isha'i, abin da za ta bambance ta da sauran ne ba ta da shi.

Abin da na lura kuma shi ne, waɗanda suka fi sani su suka fi tambaya, su suka fi ƙaruwa. Waɗanda suka fi bukata kuwa su ne masu shiru, suna jin kunya kada a ce ba su waye ba, ko kuwa ana ta jefa kalmomin asibiti da Turanci sun rasa ta inda za su kama. Ruwa yana ta zuba a kogi, fako yana nan a bushe.

Umma a aji huɗu na firamare ta tsaya, sai Islamiyya. Saninta ba daga takarda ya zo ba, daga naci ya zo. In likita ya yi bayani, sai ta ce, “Likita, bari in maimaita, in na yi kuskure ka gyara mini.” In ya faɗi kalmar da ba ta gane ba, ba ta gyaɗa kai don kunya, sai ta tsaya a bakin ƙofa har Sista ta sami sarari ta fassara mata. Tana da ɗan littafi wanda nake rubuta mata nauyin Auta da awon jininsa da ranar da ciwo ya tashi da abin da ya faru kafin ya tashi. In ba na nan ƙanwata take rubutawa. In an kawo shawara a zaure takan tambayi mai maganar shekarun ɗanta nawa, SS ne ko wani nau'in, wa ya gaya mata, kuma sayarwa take yi ko kuwa. Abin da ya shafi sutura da abinci da lallashi takan gwada nan take. Abin da za a haɗiya kuwa, ko wanda zai sa a daina wani magani, sai ya jira ranar asibiti. Bayan rasuwar yarinyar nan, ita da Hajiya suka je suka roƙi Sista, yanzu kowace ranar asibiti takan tsaya gaban bencina ta yi minti goma tana bayani da Hausa kafin a fara kiran kati. Ranar farko a kan zazzaɓi ta yi, ta kuma kama hannun kowace uwa ta nuna mata inda ake taɓa saifa. Suka yi karo-karo aka sayo ma'aunin zafin jiki aka raba wa marasa shi.

Ana saura kwana shida mu dawo makaranta, Auta ya farka cikin dare jikinsa rau. Umma ta sa masa ma'auni a hammata, ta miƙo mini in karanta, na ce 38.6. Ba ta ce kome ba, ta ta da Baba, ta ɗauki littafin nan da gorar ruwa da bargo. Sai da muka shiga Keke Napep ɗin maƙwabcinmu sa'an nan ta aika murya a zaure, ta ce ga mu a hanyar asibiti, a sa mu a addu'a, kuma mai ɗan'uwa O ya zauna da shiri ko za a bukata. Kafin mu isa mutum biyu sun amsa. Ba a kai ga ƙarin jini ba, allurai aka yi masa, ya kwana huɗu aka sallame mu. Ranar da zan taho har tasha ya rako ni, sanye da rigar sanyi, yana riƙe da gorarsa mai zare, yana ce mini, “Yaya, in kin dawo ki zo mini da marafan kwalban nan in gani.”